Haƙorin shekara shida: abin da muke kira ƙazanta a bakin 'ya'yanmu

Ranar sunan ɗan autan ƙanena, a nan Sabo ta Badun, an tara yara a ƙofar gida za a ɗauke su hoto. Mai hoto ya yi ta cewa a yi dariya, kowa ya washe baki ban da babbar 'yarsa, yarinya 'yar shekara takwas, wadda ta datse leɓe kamar an ba ta ajiyar magana. Da aka rabo lemo mai sanyi kuma, ta karɓa ta riƙe a hannu har ya huce, sannan ta soma kurɓa ta gefe guda. Sunan mahaifiyarmu gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Na ce, "Uwata, lafiya kuwa?" Kafin ta buɗe baki ubanta ya riga ta: "Yaya, rabu da ita, ƙazama ce. Kullum sai an yi dambe kafin ta goge baki. Dubi haƙoranta, sai ka ce tsohuwa mai cin goro."

Na ja ta gefe na ce ta buɗe in gani. Haƙoran gaba biyu na sama kowanne da tabo, ɗaya fari fat kamar an ɗiga alli, ɗaya rawaya-rawaya. Can ciki kuma, turamen ƙarshe sun yi ruwan ƙasa, ɗaya ma gefensa ya ɓantare. Uwarta ta ce babu irin dirzar da ba ta yi musu ba: gawayi, gishiri, toka, har lemon tsami ta matsa a tsumma ta goga, tabon yana nan daram. Daga baya ne yarinyar ta gaya mini cewa 'yan ajinsu sun laƙaba mata wani suna da Yarabanci, ma'anarsa mai haƙorin goro, shi ya sa ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu.

Wallahi ni ma a ranar na ɗauka rashin goge baki ne, sai dai kawai na ga abin ya yi yawa. Sai da muka kai ta sashen haƙori na wani asibitin gwamnati, likita ta duba, ta juyo ta tambayi uwar ko an haife ta bakwaini, ko haihuwar ta zo da gardama, ko ta yi wani zazzaɓi mai zafi kafin ta kai shekara uku. Uwar ta tuna cewa tana 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni an kwantar da ita kusan mako guda. Likitar ta ce ba za ta rantse cewa wannan ne sanadi ba, amma abu ɗaya tabbas ne: haƙoran nan da tabonsu suka fito, tun suna cikin dasashi aka gina su da rauni. Ko za a shekara ana dirza ba zai fita ba, dirzar ma ƙara cinye su take yi. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Shekara biyu ke nan yana yi wa yarinya faɗa, wani lokaci har da bulala, a kan abin da ba ta da hannu a ciki.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin maganar, kuma abin da na fahimta shi ne nake so in baje wa 'yan uwana mazauna Kurmi, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne.

Duk macen da ta taɓa jera langa da samira a ɗaki ta san yadda abin yake. Muddin fentin nan mai sheƙi yana nan, kwano lafiya lau. Ranar da ya ɓantare, tsatsa ta sami ƙofa. To, da suna ɗaya Turawa ke kiran fentin langa da farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wato inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne zalla. Amma yana da aibi ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi suna gama aikinsu ne su mutu kafin haƙori ya huda dasashi. Fata in ta yanke ta haɗe, ƙashi in ya karye a ɗora, ɓawon haƙori kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ƙananan hanyoyi da suka nufi jijiya, shi ya sa in ɓawon ya yi rauni ruwan sanyi, iska, kai har buroshi ma, sai yaro ya ji su har tsakar ka. Uwata ba taurin kai take yi ba da ta ƙi goge baki. Zafi take ji.

Lokacin ginin shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Turamen farko na dindindin suna soma yin tauri ne dab da haihuwa, su kammala kansu wajen shekara uku, amma ba za su leƙo ba sai yaro ya kai kamar shekara shida. Haƙoran gaba na dindindin su ma 'yan watanni bayan haihuwa suke farawa. Ke nan abin da ka gani a bakin ɗan shekara bakwai labari ne na abin da ya same shi yana goye. Wahalar haihuwa, haihuwa kafin lokaci, ciwon uwa a ƙarshen ciki, zazzaɓi mai tsanani, ƙyanda, ciwon ƙirji, rashin abinci mai gina jiki, duk an danganta su da raunin ɓawon haƙori, kuma gado ma yana da nasa kason. Har yau masana ba su tsaya a kan sanadi guda ba. Ku dubi jerin nan dai da kyau, ku gaya mini wanne ne baƙo a ɗakunan hayarmu na Agege, ko Mile 12, ko Sabon Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri.

Irin wanda ya kama Uwata, likitocin haƙori a Turai ne suka raɗa masa suna a 2001, suna taƙaita shi da MIH, wato raunin ɓawon turame da haƙoran gaba. Ni dai haƙorin alli nake ce masa, domin haka yake: ka gan shi kamar haƙori, amma da an soma tauna da shi sai ya dinga marmashewa. Da aka tattara binciken ƙasashe da dama, an kiyasta cewa yara 13 zuwa 14 cikin 100 a duniya suna da shi, kusan ɗaya cikin bakwai ke nan. A nan kusa da mu, wani bincike da masanan Jami'ar Obafemi Awolowo suka fitar a 2015 kan 'yan makaranta masu shekara 8 zuwa 10 a Ile-Ife ya sami kusan 18 cikin 100, kodayake wasu binciken a yankin sun sami ƙasa da haka. Ko ma wanne aka ɗauka, da wuya a shiga ajin Islamiyya mai yara arba'in a fito ba a sami ko ɗaya ba.

Ga inda muke faɗawa rami. Haƙoran nono ashirin ne, kuma kowa ya san za su zube a yi famfara. Turmin shekara shida kuwa ba ya jiran wani ya faɗi. A bayan haƙorin nono na ƙarshe yake fitowa, shiru, guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Iyaye da yawa sun ɗauka shi ma na nono ne. In ya yi tabo ko ya yi kogo sai a ce, "Ƙyale shi, ai zai faɗi wani ya fito." Babu wanda zai fito. Wannan haƙori shi ne wanda ake so mutum ya ci tuwo da shi har tsufa, kuma shi ne ginshiƙin da sauran haƙora ke jeruwa a kansa.

Ba kowane tabo ba ne haƙorin alli, kuma akwai iri biyu da suka shafe mu ta hanya ta musamman. Na farko na ruwa ne. Sinadarin fuloraid in kaɗan ne yana ƙarfafa haƙori, in ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha kafin ya kai shekara takwas sai ya ɓata ɓawon, haƙora su fito da zane-zanen fari ko tabon ruwan ƙasa, galibi a baki gaba ɗaya, dama da hagu iri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin kowace lita. A Najeriya an daɗe da sanin wannan matsala a wurare irin su Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe. 'Yan uwanmu na Maraɗi kuwa ba za su manta da Tibiri ba, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar shekarun 1980 ya ɓata haƙoran ɗaruruwan yara, ya kuma lanƙwasa musu ƙasusuwa. Me ya haɗa mu da wannan muna zaune a Ikko ko Fatakwal? Al'adarmu ce in an yaye yaro a kai shi gida wurin kaka ya yi shekara biyu ko uku, kuma shekarun nan su ne daidai lokacin ginin haƙori. Sai yaro ya dawo Kurmi lafiya lau, bayan shekara huɗu tabo ya bayyana, a rasa daga ina. In garinku an san manya da jan haƙori ba tare da goro ba, to a tambayi ruwan da yaro zai sha kafin a tura shi. Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid.

Na biyu kuma da hannunmu muke sayo shi. Kafson nan ja da yalo, tetarasaikilin, wanda ake samu a kowane kemis da kan tiren masu talla a tasha. Yaro ya soma zawo, a ce haƙori ne, a fasa kafso a zuba a koko. Maganin nan yana shiga cikin haƙorin da ke kan ginuwa ya rina shi toka-toka ko ruwan ƙasa daga ciki, har abada. Shi ya sa likitoci suka hana ba da shi ga mai ciki da yaron da bai kai shekara takwas ba. Wannan ɗabi'a ta ɗora wa fitar haƙori kowane zawo da kowane zazzaɓi ta taɓa jawo mana abin da ya fi tabo muni. Masu shekaru za su tuna maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda daga ƙarshen 2008 ya hallaka yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ke ciki. Zawo dai zawo ne, zazzaɓi zazzaɓi ne, kowanne a nemi sanadinsa.

Akwai kuma wani iri na gado wanda ke kama haƙora duka, na nono da na dindindin. Ba shi da yawa, amma wasu nau'o'insa sun fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa, don haka in yara biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fito da haƙora iri ɗaya, a gaya wa likita.

To, wai shin tabon nan yana taɓa rayuwar yaro da gaske, ko dai mu manya ne muke kambama shi? A nan ne na ci karo da abin da ya sa na sake tunani. A 2018 an fitar da wani bincike da aka yi kan yara sama da 800, masu shekara 6 zuwa 16, a Ile-Ife da nan Badun. An duba bakinsu, aka kuma yi musu tambayoyi kan cin abinci, barci, magana, murmushi, karatu da cuɗanya da 'yan uwansu. Sakamakon ya nuna cewa raunin ɓawon haƙori shi kaɗai bai rage jin daɗin rayuwar yaran ba ta yadda za a iya aunawa. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu ruɓaɓɓen haƙori, da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

Da farko na ji kamar an ƙaryata abin da na gani da idona. Da na natsu sai na ga ashe binciken ya nuna mana inda ya kamata mu sa ƙarfinmu ne. Yawancin masu tabon nasu mai sauƙi ne, ɗan fari a gefen haƙori, ba ciwo ba komai. Wahalar tana farawa ne ranar da ɓawon ya fashe, abinci ya sami maɓoya, yaro ya daina gogewa saboda zafi, ruɓa ta shiga da gudu. Daga nan sai kwana ba barci, kumburin kunci, tauna ta gefe ɗaya, fashin makaranta. Tsakanin tabo da ruɓa akwai rata, wani lokaci ta watanni kawai, kuma abin da ke yanke hukunci a ratar nan shi ne ko an kai yaro wurin likita ko ba a kai shi ba. Wato dai aljihun uba da saninsa. Ko a Suwidin, inda kula da haƙorin yara kyauta ne, an gano cewa yaran da turamensu suka yi rauni sosai an yi musu aiki kusan ninki goma na sauran yara kafin su kai shekara tara, kuma sun fi tsoron kujerar likita, domin allurar kashe zafi ba ta cika kama irin haƙoran nan da kyau ba, ciko kuma yana yawan faɗuwa. In haka ne a can, ina ga ɗan mai shayi a Ojota?

Wani abu kuma da ni na ƙara daga kaina. Tambayar da wancan bincike ya sa gaba ba ta shafi halin da ɗan Bahaushe ke ciki a ajin da shi kaɗai ne Bahaushe ba. Mun san hoton da wasu ke da shi namu a nan: aboki, mai goro, mai jan baki. Yaron gari in yana da tabo a haƙori, tabo ne kawai. Namu in yana da shi, sai ya zama hujjar abin da dama ake faɗa. Yarinyar da ke fama da Turanci da Yarabanci a lokaci guda, aka kuma ƙara mata dalilin rufe baki, yaushe za ta koyi magana a gaban jama'a? Mu kuma a gida maimakon mu zama mafaka sai mu ƙara mata da "ƙazama". Ban da maganar da ke jiran 'ya mace in ta girma, wadda kowa ya sani, lokacin da dangin miji za su zo gani.

Dalilin da ya sa na ga maganar ta zama ta yanzu shi ne ratar nan da na ambata kullum ƙara tsada take yi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, kayan aikin likitan haƙori kuwa kusan duka daga waje suke zuwa, daga abin ciko har allurar kashe zafi. A watan Agustan shekarar kamfanin GSK, wanda ta hannunsa Macleans da Sensodyne ke shiga kasuwa, ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya. Wannan Macleans ɗin fa shi ne asalin kalmar makilin da muke kiran kowane man goge baki da ita. A Disamba kuma P&G masu Oral-B suka ce sun koma shigo da kaya daga waje kawai. Duk mai sayen kayan gida ya ga abin da ya biyo baya a kan kanta. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafi ɗan dako a kasuwar Sasa ko mai gadi a Lekki ba. Da kuɗi suka yi wuya, makilin na cikin abin da ake fara yankewa, a koma gawayi da gishiri. Alawa da biskit da lemon kwalba kuwa ba su bar hannun yara ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da gwamnati ta sa a dokar kuɗi ta 2021, hauhawar farashi ta riga ta lashe shi, ko a jikin mai saye.

Abin takaicin shi ne maganin matakin farko ba wani mai tsada ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da abubuwa uku na haƙori cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba: man goge baki mai fuloraid, da wani ciko mai kama da siminti da ake iya liƙawa ko babu injin huda haƙori ko wutar lantarki, da wani ruwa mai sinadarin azurfa da ake ɗigawa a kogo ya tsayar da ruɓa, duk da cewa yana baƙanta wurin. Waɗannan abubuwa ne da ƙaramin asibitin unguwa zai iya yi in an horar da ma'aikaci an ba shi kaya. Je ka asibitin unguwarku ka tambaya ka ji. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, Legas tana da Ilera Eko, Oyo tana da nata, amma mutanenmu da dama suna gudun duk abin da ya ƙunshi cike takarda. Wanda zai shiga dai ya tambaya tun kafin ya biya: me da me aka ɗauke na haƙorin yara?

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda laifin namu ne. Makarantar koyon likitan haƙori ta farko a Najeriya a Idi-Araba take, a Jami'ar Legas, tun shekarun 1960, katanga ɗaya kusan da ɗaya daga cikin manyan unguwannin Hausawa na Ikko. Daga Sabo zuwa UCH a nan Badun tafiyar 'yan mintoci ce a Keke. Ile-Ife tana da tata, haka Binin, Inugu da Fatakwal. Arewa ba ta sami irin wannan makaranta ba sai bayan shekarar 2000. Wato abin da ɗan uwanmu na ƙauyen Katsina ko Yobe zai yi tafiyar yini kafin ya samu, mu a bayan gidanmu yake. Amma yaushe muke zuwa? Sai kunci ya kumbura, an gama da kanumfari, an gama da mai maganin tsutsar haƙori na bakin kasuwa, wani ma har ruwan batir an ɗiga, Allah ya kiyaye. A lokacin babu abin da ya rage sai cirewa. Daga nan sai labari ya bazu cewa su likitocin haƙori ba su iya komai ba sai cira.

Ban ce babu uzuri ba. Akwai layi, akwai yawon karɓar kati, akwai ranar kasuwa da za a rasa. Akwai harshe: matar ƙanena a Badun aka haife ta, tana jin Yarabanci, amma da yawa daga matan da aka auro daga gida ba sa jin Turanci ba sa jin Yarabanci ko Ibo, kuma su ne ke tare da yara, su ne suka san ranar da yaro ya ƙi cin abinci. Maigida ya fita tun asuba. In babu mai raka ta, ba za ta je ba. Wannan kuwa abu ne da fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyinmu za su iya warwarewa ba tare da jiran Abuja ba. Kowace shekara ranar 20 ga Maris ake bikin ranar lafiyar baki ta duniya, ɗaliban haƙori da malamansu sukan fita duba yara a makarantu. Wa ya taɓa rubuta musu takarda ya gayyace su Islamiyyarmu? Ɗaki ɗaya, benci biyu, matasa uku masu tafinta, an gama. Muna haɗa kuɗin tarbar ɗan siyasa cikin kwana biyu.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da likitar ta koya mana, kuma kowa zai iya yi a gida. Yaro in ya kai shekara biyar da rabi zuwa bakwai, a riƙa buɗe bakinsa a hasken rana ana duba can ƙarshe. In sabon turmi ya fito da tabon fari mai kauri, ko rawaya, ko ruwan ƙasa, ko yaro ya soma gudun ruwan sanyi, kada a jira ciwo. A matakin nan likita na iya shafa masa fuloraid mai ƙarfi, ya toshe ramukan saman turmin, in ya soma fashewa ya cike shi ko ya sa masa hular ƙarfe, kamar dai haƙorin Makka amma fari. In ma ya lalace har ba ya gyaruwa, cirewar tana da lokacinta, wajen shekara takwas zuwa goma, domin turmi na biyu da ke fitowa wajen shekara goma sha biyu ya matso ya cike gurbin. A cire da wuri ko a makare, sai a bar giɓi da karkatattun haƙora.

A gida kuma, makilin mai fuloraid sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci. A duba jikin kwalin, a ga lamba tsakanin 1000 da 1500. Ɗan ƙasa da shekara uku kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama, kuma babba ya tsaya a kai don kada ya haɗiye. In an gama a tofar kawai, kada a kuskure da ruwa. In sanyi na damunsa a jiƙa buroshi mai laushi da ruwan ɗumi. Aswaki sunna ne kuma yana share baki, ba wanda ya ce a bari, amma ba ya ba haƙori mai rauni fuloraid ɗin da yake buƙata, don haka a haɗa biyun. Gawayi, toka, kanwa da lemon tsami kuwa a nisanta su da bakin yaro. Zaƙi kuma, yawan sau nawa ake sha ya fi yawan abin da aka sha illa: alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci ta fi sauƙi a kan alawa ɗaya-ɗaya daga safe har magariba.

Uwata dai an cike mata turame biyu, an sa wa ɗaya hula. Na huɗun, wanda ya ɓantare, likita ta ce mun makara, za a ɗauki hoto a ga inda na bayansa ya kai sannan a sa ranar cirewa. Tabon gaba an ce a bar shi tukuna sai ta ƙara girma, akwai gyaran da ake yi masa. Ubanta da kansa ya je makarantarsu ya yi wa malamar ajin bayani, abin da bai taɓa yi ba tun da aka sa ta. An ba mu wata shida mu koma. Ƙanenta mai bi mata yana da shekara biyar da wata bakwai. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko na zaunar da shi a ƙofar shago na duba, dasashin ya soma tasowa a baya ta ƙasa, amma turmin bai huda ba tukuna. Na ce wa uwarsa ta sake dubawa in an ga watan gobe.